Eka 32 a Tsibirin Jersey: Abin da Ƙaramin Gidan Namun Daji Ke Iyawa, da Inda Ƙarfinsa Ke Tsayawa

Wanda ya shiga gidan namun daji na tsibirin Jersey yana neman giwa ko zaki ko raƙumin dawa, zai fito bai ga ko ɗaya ba. Filin gaba ɗayansa eka 32 ne, kimanin hekta 13, a harabar wani tsohon gida na masu hali da ake kira Les Augrès. Tsibirin kansa ɗan ƙarami ne a tekun da ya raba Ingila da Faransa. Ya fi kusa da gaɓar Faransa, amma yana ƙarƙashin gidan sarautar Birtaniya, kuma mazaunansa dubu 100 ne da 'yan kai. Akwai goggon biri a gidan, shi ne ma ya fi jan 'yan kallo. Sai dai yawancin abin da ake kiwo a wurin ƙananan halittu ne: kwaɗi, ƙadangaru, jemagu, kunkuru, da tsuntsaye masu launin ƙasa waɗanda mai wucewa ba zai tsaya ya ɗauke su hoto ba. Duk da haka, a wajen masu aikin ceton namun daji, sunan wannan wuri ya fi na manyan gidaje da yawa nauyi.

Idan aka tada maganar gidan zu, mutane kan rabu biyu. Wasu sun ce kurkuku ne, an tsare dabbar da ba ta yi laifin komai ba don a karɓi kuɗin ƙofa. Wasu kuma suna kamanta shi da jirgin Annabi Nuhu, inda ake ajiye iri har ruwa ya janye. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma dukkansu sun tsaya a bakin keji suna gardama, alhali yawancin aikin yana can nesa da keji. Tarihin Jersey yana da amfani saboda ya nuna aikin tun daga farkonsa har ƙarshensa, da inda aka ci nasara, da inda har yau abin ya gagara.

Mutumin da ya kafa gidan, Gerald Durrell, an haife shi a Indiya a 1925, kuma sana'arsa ta farko ita ce kamo dabbobi yana sayar wa gidajen zu na Birtaniya. Tafiyarsa ta farko a 1947 ce, zuwa yankin Kamaru da ke hannun Turawan Ingila a lokacin. A cikin wannan sana'a ya ga abin da ya dame shi: dabba ta mutu a keji, sai kawai a aika a kamo wata, kamar daji rumbu ne da ba ya ƙarewa. Ba a damu da koyon abin da take ci ba, balle a yi tunanin ta haihu. Da kuɗin littattafan da yake rubutawa da bashi ya buɗe nasa gidan ranar 26 ga Maris, 1959, bayan ya nemi fili a kudancin Ingila bai samu ba. A 1963 ya miƙa shi ga gidauniya, wadda aka sa mata sunansa a 1999, bayan rasuwarsa a 1995. Alamar da ya zaɓa wa gidan ita ce tsuntsun dodo. Sunan ya yi kama da na dodon tatsuniya, amma wannan wani babban tsuntsu ne marar tashi, marar cutarwa, da ya rayu a tsibirin Morishus na Tekun Indiya kaɗai, ya kuma ƙare ƙaf kafin ƙarshen ƙarni na 17, ƙasa da shekara 100 bayan jiragen Turawan Holan sun fara sauka a tsibirin.

Ƙa'idar Durrell mai sauƙin faɗa ce: dabba tana samun gurbi a gidan ne gwargwadon buƙatarta, ba gwargwadon yadda take burge mai kallo ba. A nan ƙanƙantar wurin ta zame masa alheri. Giwa ɗaya tana cin fiye da kilo 100 na ciyawa da ganye a rana, tana buƙatar fili da ma'aikata da katanga mai ƙarfi. Da irin wannan kuɗin ana iya riƙe duk abin da ya rage a duniya na wani nau'in kwaɗo ko tsaka a ɗaki ɗaya. Mai fili kaɗan dole ya zaɓa, shi kuma ya zaɓi waɗanda kowa ya tsallake. A 1972 aka yi taron duniya na farko kan kiwon dabbobin da ke daf da ƙarewa, kuma a Jersey aka yi shi.

Don a gane yadda kiwon yake a aikace, babu misalin da ya kai na ƙaramin shahon Morishus. A 1974 guda huɗu kacal aka san suna raye a daji, kuma ana ɗaukarsa tsuntsun da ya fi kowane ƙaranci a duniya. Ruwa ba ya tsami banza. An sare dajin tsibirin an shuka rake, har abin da ya rage na dajin asali bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Jiragen ruwa sun kawo ɓeraye da kyanwoyi da birai, daga baya aka kawo tunku, dukkansu masu cin ƙwai da 'yan tsaki. Sannan aka shafe shekaru ana fesa maganin DDT don yaƙi da sauron zazzaɓin cizon sauro. Maganin yana taruwa a jikin ƙwari, ya wuce jikin tsaka, ya ƙare a jikin shahon da ke cin tsakar, sai ɓawon ƙwansa ya yi laushi ya fashe kafin ƙyanƙyasa. Masana da dama sun ce a haƙura da shi, a kai kuɗin inda ake da tsammani.

A 1979 wani matashi ɗan yankin Wales mai suna Carl Jones ya isa tsibirin, daga baya Durrell ya tsaya masa. Dabarar da ya bi ta fito ne daga sanin halin tsuntsun. Idan shaho ta yi ƙwai aka kwashe su da wuri, takan sake yin wasu. Saboda haka sai ya hau dutse ya ɗebo ƙwan farko ya sa a injin ƙyanƙyasa, ya bar mata na biyu ta kwanta a kai. Da haka 'ya'yan shekara ɗaya suka ninka. 'Yan tsakin da aka raina da hannu, wasu a mai da su sheƙar wasu iyaye a daji su ƙarasa rainonsu, wasu a sa su a akwati a kan bishiya ana kai musu abinci har su koyi farauta da kansu. An kafa akwatunan sheƙa da biri ba zai iya zura hannu ciki ba, an ɗana wa ɓera da tunku tarko a gindin bishiyoyin. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa 1994 an saki fiye da 300. Yau ana ƙirga su da ɗaruruwa, kuma a 2022 ƙasar ta ayyana shi tsuntsunta na ƙasa.

Abin lura a wannan labari shi ne, keji da injin ƙyanƙyasa ɗan guntun aikin ne. Mafi yawansa hawan dutse ne da duba tarko da ƙirga ƙwai, shekara bayan shekara. Kuma aikin bai ƙare ba. A 2014 aka sake mai da shahon cikin jerin masu fuskantar haɗarin ƙarewa, saboda yawansa ya sake raguwa a yammacin tsibirin. Tsuntsun ya dawo, amma dajin da zai zauna bai dawo ba.

Akwai kuma matsalar da ido ba ya gani. Idan dubban dabbobi suka ragu zuwa huɗu ko goma, duk waɗanda za a haifa bayan haka 'yan gida ɗaya ne. Barbara tsakanin dangi na kusa tana kawo ƙwan da ba ya ƙyanƙyashewa da jikin da ba ya jure cuta. Tantabarar Morishus mai launin ruwan hoda ta ragu zuwa kimanin goma a daji a farkon shekarun 1990, yanzu ta koma ɗaruruwa, amma wannan raunin yana tare da ita. Shi ya sa gidajen zu suke riƙe littafin nasaba na kowane nau'i, inda aka rubuta uwa da uba da kakannin kowace dabba, a kuma riƙa musayarsu tsakanin gidaje don kada a haɗa 'yan uwa. Burin da aka saba sanyawa shi ne a riƙe kashi 90 cikin 100 na bambancin ƙwayoyin gado har tsawon shekara 100. Tantabarun da aka kai Jersey tun shekarun 1970 suna ɗauke da wani gadon da 'yan uwansu na daji suka rasa, don haka aka mai da wasu daga cikin jikokinsu Morishus don a sabunta jini. Wannan wani amfani ne da babu mai iya bayarwa sai wurin da ya riƙe dabba a hannu da rubutacciyar nasabarta.

Wani lokaci kuma maganin bai shafi dabbar ba sam. A arewacin Morishus akwai ɗan tsibirin da ake kira Round Island, inda awaki da zomayen da aka kai tun ƙarni na 19 suka cinye komai har ƙasa ta zaizaye. An kawar da awakin a 1979, zomayen a 1986. Kulɓa da tsaka da wani ɗan maciji da babu irinsu ko'ina a duniya suka farfaɗo da kansu, saboda itatuwa sun sake tsirowa.

To, a tsibirin da ba kowa, ana iya yin haka. Inda akwai mutane fa? Nan ne maganar take yin nauyi, kuma nan ne nake ganin ya kamata a auna kowane gidan zu da ke cewa yana kare namun daji.

Tafkin Alaotra shi ne mafi girma a Madagaska, kuma kewayensa ne rumbun shinkafar ƙasar. A fadamar da ke gefen tafkin akwai wata 'yar dabba dangin biri da mutanen wurin ke kira bandro, wadda ke rayuwa a cikin dogayen ciyayin ruwa, kuma babu ita a wani wuri a doron ƙasa. Kowace rani ana cinna wa fadamar wuta, wasu don su buɗe gonar shinkafa, wasu don su kai ga kifin da ke ɓuya a ciki. Masu yin haka ba mugaye ba ne. Mutane ne da ke neman abin da za su kai gida, a ƙasar da yawancin jama'arta talakawa ne. Wanda ya zo daga Turai ya ce musu su daina saboda wata dabba, bai faɗi abin da zai shiga kunne ba, kuma ba shi da 'yancin faɗa. Durrell ya ɗebo wasu bandro a 1990 ya kai Jersey, sun kuma haihu a can. Amma ko sun kai dubu a keji, ina za a mai da su idan fadamar ta zama toka?

Abin da ma'aikatan gidauniyar suka koya, kuma kusan dukkansu 'yan Madagaska ne, shi ne su fara da abin da fadamar ke yi wa mutanen kansu. A cikinta kifi ke haihuwa. Ita ke tace laka kafin ta cika tafkin, ita ke riƙe ruwan da gonakin shinkafa ke sha da rani, daga ita mata ke yanko abin saƙar tabarma da kwando. Masunci ya san kamunsa yana raguwa tun kafin wani masani ya zo da takarda, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da aka zauna a kan wannan, sai bandro ta zama alamar lafiyar fadama, ta daina zama dabbar baƙi. An yi bukukuwa a ƙauyuka, an sake dasa ciyayin ruwa, an kafa 'yan sintiri daga cikin matasan gari. An yi gasa tsakanin ƙauyuka, inda mutanen gari da kansu suke fita ƙirga dabbobi da auna wurin da wuta ta ci, garin da ya fi kula da yankinsa ya samu kyautar da za ta amfani kowa. An kuma jingina da abin da al'umma ta riga ta sani, wato dina, dokar da mutanen gari suke yi wa kansu su kuma hukunta wanda ya karya. Wata dokar ƙasa ta 1996 ta ba da damar miƙa wa ƙungiyoyin ƙauye ikon kula da albarkatun yankinsu, sai aka bi ta wannan ƙofa. A 2003 aka sa Alaotra cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Ba zan ce wuta ta daina ci a Alaotra ba. A shekarar fari, idan ruwa ya ja baya, fadama takan ƙone sosai, wani lokaci ma masu kuɗi daga nesa ne suke ɗaukar nauyin ƙonawar don su mallaki gona. Ɗan sintirin ƙauye ba shi da ƙarfin tsayawa gaban irin waɗannan. Amma bandro tana nan, kuma tana nan ne a inda mutanen gari suka ga dalilin barin ta.

Darasin Alaotra ya yi amfani a labarin wata agwagwar ruwa mai launin ƙasa da farin ido, wadda a dā take cike da wannan tafki. Bayan an ga ɗaya a 1991, sai aka daina ganinta, har aka ɗauka ta ƙare. A 2006 wani masani ɗan ƙasar, Lily-Arison René de Roland, ya tarar da 'yan kaɗan a wani tafkin bakin dutse mai aman wuta a arewacin ƙasar, ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Sun tsira a wurin ne saboda nisansa da mutane, amma wurin bai dace da su ba: ruwan yana da zurfi da sanyi, 'yan tsaki ba sa iya nutsewa su kai ga abinci, yawancinsu suna mutuwa cikin makonnin farko. A 2009 ma'aikatan gidauniyar Durrell da na wata ƙungiyar kare tsuntsayen ruwa ta Birtaniya suka ɗebo ƙwai suka ƙyanƙyashe, aka fara kiwo a garin Antsohihy. Kiwon ya yi kyau cikin 'yan shekaru. Neman inda za a sake su ne ya ci lokaci, domin yawancin tafkunan yankin sun lalace. Da aka zaɓi tafkin Sofia, wanda dubban mutane ke rayuwa da shi, ba a kai agwagwa ko ɗaya ba sai da aka shafe shekaru ana aiki da manoma da masunta: yadda za a samu shinkafa mai yawa da ƙarancin maganin ƙwari, irin ragar da za a daina sawa, wurin da za a bari ba kamu. Sai a Disamba 2018 aka saki 21, daga cikin wasu keji masu yawo a kan ruwa da aka ƙera da kayan kiwon kifi, don tsuntsayen su saba da tafkin kafin a buɗe musu. Shekara tara tsakanin ɗebo ƙwai da sakin farko, kuma yawancin shekarun a zaman tattaunawa da jama'a suka tafi.

Mai karatu zai iya tambaya: duk wannan aiki a ƙasashe masu nisa, mene ne ruwan ɗan filin Jersey a ciki? Ruwansa uku ne. Na farko ilimi. Wanda ya shekara goma yana rainon tsuntsu da hannunsa ya san zafin da ƙwai ke so, ya san abincin ɗan tsako a kwana na uku, ya san alamar ciwo kafin ta bayyana. Irin wannan sani ba a samunsa da hangen dabba daga nesa, kuma ranar da aka buƙace shi babu lokacin koyo, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Da cutar fata ta fangas ta isa tsibirin Montserrat na yankin Karibiyan a 2009 ta fara kashe wani ƙaton burduddugi da babu irinsa sai can da Dominika, cikin gaggawa aka kwashe 50 aka raba tsakanin Jersey da Landan da wani gidan zu a Suwidin. Da jirgin dakon kaya Wakashio ya yi karo da murjani a gaɓar Morishus a 2020 mai ya malala, an kwashe gomman ƙananan ƙadangaru daga tsibiran da ke kusa aka kai Jersey. An iya yin hakan ne saboda akwai ɗaki a shirye da hannayen da suka san aikin.

Na biyu horarwa, kuma a ganina wannan ya fi duk sauran tasiri. Durrell ya gane da wuri cewa Bature ba zai dawwama a dajin wani ba. Tun ƙarshen shekarun 1970 ya fara karɓar ɗalibai, a 1984 aka buɗe cibiyar horarwa a gidan da ke maƙwabtaka da zu ɗin. Ɗalibin farko, Yousoof Mungroo, ɗan Morishus ne, kuma shi ne ya zama shugaban farko na hukumar gandun daji ta ƙasarsa. Daga lokacin dubban mutane daga ƙasashe fiye da 100 sun bi ta wannan horo. Dabbar da aka ceto tana iya sake shiga haɗari, amma mutumin da ya koma gida da ilimi yana horar da wasu.

Na uku kuɗi da goyon baya, kuma nan ne al'ummar gida take shigowa. Gidan na gidauniya ne, yana rayuwa da kuɗin ƙofa, da kuɗin mambobi, da gudummawa, da abin da mutane suke bari a wasiyya. Tsibiri mai mutum dubu 100 ba zai riƙe irin wannan wuri ba sai in mutanensa suna jin nasu ne. 'Yan makaranta suna zuwa darasi, masu aikin sa kai suna noman ganyen da dabbobi ke ci. A 2019 aka baza gumakan goggon biri da masu zane suka ƙawata a faɗin tsibirin, aka yi gwanjonsu, aka tara fiye da fam miliyan ɗaya don gina wa goggon birin sabon ɗaki. Shekarar da ta biyo baya annobar korona ta rufe ƙofa, sai raunin tsarin ya fito fili: 'yan kallo sun daina zuwa, amma dabba ba ta daina ci ba, kuma albashin ɗan sintiri a Madagaska yana rataye da tikitin da ba a sayar ba a Jersey.

Gidan bai manta da dabbobin ƙofar gidansa ba, wanda kuskure ne da masu irin wannan aiki kan yi. Akwai wani tsuntsu dangin hankaka mai jan baki da jajayen ƙafafu da ya ɓace daga Jersey kusan shekara 100, saboda an daina kiwo a gaɓar teku, ciyayi masu kauri suka rufe gajeriyar ciyawar da yake tonon ƙwari a cikinta. Aka kawo tumaki su cinye ciyayin, aka fara sakin tsuntsayen a 2013 a arewacin tsibirin. A 2015 suka ƙyanƙyashe a waje, kuma wurin da suka zaɓa su yi sheƙa shi ne wani wurin fasa dutse da ake aiki a ciki. Ma'aikatan wurin suka zama masu sa ido a kansu suna kai rahoto.

Masu sukar gidajen zu suna da hujjar da ba za a ture ba. Gidaje da yawa suna rubuta kalmar kare namun daji a allon ƙofa, alhali abin da suke kashewa a kan hakan bai taka kara ya karya ba, kuma yawancin dabbobin da ke hannunsu ba sa cikin haɗari, ba kuma za a taɓa mai da su daji ba. Dabbar da aka haifa a keji tana iya rasa tsoron maƙiyi da dabarar neman abinci. Kuma goggon biri, komai kyan wurin da aka yi masa, ba a dajinsa yake ba. Tambayoyin da suka dace a yi wa kowane gida, babba ko ƙarami, a fili suke: nawa ne daga kuɗinku yake isa inda dabbar ta fito, wace dabba kuka mayar, kuma su wa kuke aiki da su a can? A ɗaya gefen, wani nazari da aka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa daga 1993 aikin kariya ya hana ƙarewar nau'in tsuntsaye tsakanin 21 da 32, da dabbobi masu shayarwa tsakanin 7 da 16, kuma kiwo a hannu yana cikin hanyoyin da suka fi yawan taimakawa. Adadin kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da ke cikin haɗari. Amma kowane ɗaya a cikinsu halitta ce da ba don haka ba, da yanzu sai a hoto.

Akwai inda duk waɗannan dabaru suka haɗu, abin kuma bai yiwu ba tukuna. A kewayen gaɓar Baly, a arewa maso yammacin Madagaska, akwai kunkurun da ake kira angonoka. Ƙoƙon bayansa dogo ne mai launin zinariya, a ƙarƙashin wuyansa kuma akwai wani ƙashi da ya fito kamar bakin garma, wanda maza ke kifar da juna da shi lokacin neman mace. Durrell ya fara kiwonsa a 1986 a tashar Ampijoroa. An yi duk abin da ya kamata. Kunkurun ya haihu a hannu, ɗaruruwa. An zauna da ƙauyuka, mutanen yankin ma ba sa cinsa. Sun yarda sun share hanyoyin tare wuta don gobarar makiyaya kada ta cinye kurmin da yake zaune, sun shiga sintiri, da amincewarsu aka mai da yankin gandun daji na ƙasa a 1997. An fara mai da waɗanda aka kiwata daji, har suka yi ƙwai a can.

Abin da ya rusa lissafin daga waje ya zo. Masu tara dabbobin da ba a samu, musamman a kudu maso gabashin Asiya, suna biyan dubban daloli a kan kunkuru ɗaya, kuma ƙarancinsa ne yake ƙara masa tsada. Tun a 1996 ɓarayi suka fasa tashar kiwon suka kwashe fiye da 70 a dare ɗaya. Bayan rikicin siyasar ƙasar na 2009 hukuma ta yi rauni, fasa-ƙwauri ya ƙaru. A Maris 2013 an kama 54 a jaka a filin jirgin saman Bankok, kaso mai tsoka na duk abin da ya rage a daji. Kuɗin da ɗan fasa-ƙwauri zai miƙa wa matashi a ƙauye ya fi abin da noma zai ba shi a watanni, kuma ba sai gari duka ya yarda ba, mutum ɗaya ya isa. Ma'aikatan sun kai ga sassaƙa manyan lambobi da haruffa a ƙoƙon kunkurun, suna ɓata kyansa da hannunsu don mai saye ya ƙi shi. Ina tunanin yadda zuciyar mutumin da ya raini dabba shekara da shekaru take ji lokacin da yake yin haka.

Satar ba ta tsaya ba, har aka dakatar da sakin. Angonoka yana ɗaukar shekara 15 ko fiye kafin ya isa haihuwa, saboda haka duk babbar mace da aka sace, shekaru masu yawa ne suka tafi da ita. Waɗanda suka rage a daji yanzu 'yan kaɗan ne ƙwarai. Yawancin irin yana bayan shinge, da masu gadi dare da rana, ana ci gaba da ƙyanƙyasar ƙwai da rubuta nasaba. Kurmin Baly yana nan, mutanen ƙauyukan da suka share hanyar wuta suna nan, kunkurun da za a mayar ma suna nan. Masu saye a can ƙetaren teku ne ba su daina saye ba.